Ruwan da Kuza Ta Bari

Wanda zai tashi daga Kano zuwa Jos a tsakiyar damina, ya ajiye rigar sanyi a saman jakarsa, kada ɗumin tashar Unguwa Uku ya ruɗe shi. Mun bar tasha da sassafe a mako na biyu na watan Agustan 2024, ƙurar zanga-zangar tsadar rayuwa ba ta gama lafawa ba, shingayen jami'an tsaro kuma sun fi na kullum yawa. A Kwanar Dangora muka saki titin Zariya, muka bi ta Tudun Wada, muka faɗa dajin Falgore. Nan hira kan mutu a mota, kowa ya kama carbinsa, sai an hango rufin kwano sannan baki ya buɗe. A wajen Doguwa wani dattijo da ke gefena ya nuna wasu duwatsu can nesa, ya ce bayansu Riruwai take, inda kakanninsu suke narka kuza tun Bature bai san hanyar ƙasar nan ba.

Bayan Saminaka masara ce hagu da dama, ta fi mutum tsayi. Daga Jingir hanya ta fara hawa, kunne ya toshe, kowa ya ɗaga gilashinsa. Jos na zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a watan Agusta yayyafi ba ya barin ta ta huta. Na sauka a Farin Gada cikin laka da ganyen kabeji, na tarar da jikan kawuna yana jira na da lema.

Kawu ne ya kira ni. Ƙanin mahaifiyata ne, injiniyan ma'adinai mai ritaya. A shekarun 1970 ya sami tallafin karatu zuwa ƙasar Hangari, ya yi jami'ar fasaha ta birnin Mishkols, wadda ta yi suna wajen koyar da haƙar ma'adinai. Ya dawo da takardar shaida, da harshen mutanen, da kuma son wani wasa da da wuya ka sami wanda ya san shi a Arewa: ƙwallon ruwa, ko folon ruwa. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare, cikin ruwan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa, suna iyo suna jifa da hannu ɗaya zuwa raga. A waya ya ce mini, "Ɗan nan, ran Lahadi za a yi wasan ƙarshe na Olamfik a Paris. Na gaji da kallo ni kaɗai. Ka zo." Da dare Hajiya ta kawo mana gwaten acca mai zafi, muka sha, sanyi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Washegari ya ce kafin in ga wasan sai na ga ruwa. Muka shiga tsohuwar motarsa muka yi kudu, ta Rayfield zuwa wajen Bukuru. Baƙo zai ɗauka baiwar tafkuna ce Allah ya yi wa wannan yanki. Ko ta ina ka juya akwai ruwa kwance tsakanin tuddan jar ƙasa, wani kore shar, wani shuɗi, wani kuma baƙi saboda zurfi. Kawu ya ce kusan duk hannu da inji ne suka tone su. A farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka bi sawun sandunan kuzar da suke gani a kasuwannin Hausa har suka hau wannan tudu. Zuwa 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru, kamfanoni suka cika ƙasar Birom, leburori suka kwararo daga Kano da Katsina da Bauchi da Barno. A 1942, da Japan ta kama Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka koma aikin tilas: aka riƙa ɗebo dubban mutane daga ƙasashen sarakunan Arewa, da yawa sanyin da ba su saba ba da ƙarancin abinci suka kashe su. Yawancin Hausawan Gangare da Dilimi, idan ka bi asalinsu, a bakin irin waɗannan ramuka za ka tsaya. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, manyan injuna suka yi shiru, ba a cike ramukan ba, ruwan sama da na ƙasa suka cike su. Kawu ya dawo daga karatu ne daidai lokacin da aikin da ya koyo yake shirin mutuwa.

A bakin wani rami muka sami wani manomi Birom yana duba dankalin Turawansa.

"Sannu da aiki," in ji Kawu.

"Yawwa Baba, sannunku da zuwa. Yaya sanyi?"

Ya nuna mana inda yake kafa injin ban-ruwa da rani. Da wannan ruwa ake noma kabeji da karas da latas da tumatir ɗin da ake lodawa a Farin Gada zuwa Kano da Legas. Sai ya rage murya ya ce, "Amma Baba, ruwan nan yana ba mu, yana kuma karɓa. Ba a rufa shekara ba ka ji wani rami ya ci yaro ba."

Kawu ya ɗauki tsakuwa ya jefa taku biyu kawai daga gaɓa, ta nutse ba mu ga inda ta sauka ba. Ya ce rafi yana da gangare, yana yi wa mutum gargaɗi daga idon sawu zuwa gwiwa zuwa ƙugu. Ramin kuza kuwa bango ne a tsaye, don haka inji ya yanka shi. Saman ruwan rana ta ɗumama, ƙasansa ƙanƙara, yaro na zurmawa numfashi ya ɗauke, jijiya ta riƙe, a ƙasa kuma laka ce mai kama ƙafa. "Mutane suna cewa 'yan ruwa ne," in ji shi. "Ajali idan ya zo babu makawa, wannan haka yake. Amma an umurce mu da riƙo da sababi. Yaron da aka koya wa tsayuwa a ruwa minti biyar ba tare da ya firgita ba, ya ba mutane lokacin da za su miƙa masa gora."

Tun muna makarantar allo muke jin wasiyyar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Doki mun riƙe shi da kyau: ga hawan salla, ga folon da Sarkin Katsina Dikko ya dasa, Sarki Usman Nagogo ya ɗaukaka, ga filin folo a cikin Jos ɗin nan kanta. Iyo ne muka bar wa masunta da yaran da suka saci jiki.

Muka zauna a kan wani tsohon bututun ƙarfe, nan Kawu ya buɗe tarihin. Turawan da suka sa aka tona waɗannan ramuka, in ji shi, su ne suka ƙago wasan. A 1877 wani malamin iyo na Gilasgo mai suna William Wilson ya tsara dokokinsa na farko, aka gwada a kogin Dee a Abadin. A 1890 aka yi karawar farko tsakanin ƙasa da ƙasa a Landan, Sikotilan ta ci Ingila 4 da 0, don su miƙa wa juna ƙwallo suke yi, su kuwa Ingilishi ƙarfi suka sa a gaba. Wasan ya shiga Olamfik a 1900, shekara ɗaya da ƙwallon ƙafa, a cikin kogin Sen na Paris, wani kulob na Manchesta ya ci wa Birtaniya. Na 1904 a Sen Luwis ta Amurka kulob-kulob ɗin gida kaɗai suka yi, a wani tafki da aka haƙa domin baje-koli, wanda shanun baje-kolin ke shiga. An ruwaito cewa bayan gasar taifot ta kama wasu 'yan wasan har ta yi ajalinsu. Kawu ya dubi koren ruwan da ke gabanmu ya ce shi ya sa duk wanda zai sa yara a nan, sai ya fara kai ruwan ɗakin gwaji.

Birtaniya ta sake cin zinare a 1908 da 1912 da 1920, wato a daidai shekarun da kamfanoninta ke fasa wannan tudu. Sun kawo golf, ga filinsu nan a Rayfield, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Najeriya. Sun kawo ƙwallon ƙafa. Wasan da suke zakarun duniya a kansa kuwa bai sauko ga 'ya'yan leburori ba. Daga 1920 ba su sake ɗanɗana zinaren ba. Faransa ta ci a 1924, Jamus a 1928, sannan ƙasar da Kawu ke jira ya ambata ta shigo.

Hangari ba ta da teku. A yarjejeniyar 1920 bayan yaƙin duniya na farko aka yanke mata kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, har da hanyarta ta zuwa gaɓa. Yau mutanenta ba su kai miliyan 10 ba, Jihar Kano kaɗai ta fi su yawa. Amma zinare tara gare su a ƙwallon ruwa na maza: 1932, 1936, 1952, 1956, 1964, 1976, sai uku a jere a 2000 da 2004 da 2008. Babu ƙasar da ta kama ƙafarsu.

"Kawu, to me ya ba su?"

Ya ce abu biyu, ɗaya kyautar Allah, ɗaya aikin mutum. Ƙarƙashin birnin Budafes akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi, don haka ko ana zuba ƙanƙara mutane na wanka da iyo. Na biyu kuwa ya faro ne daga wani maraya. Alfréd Hajós yana ɗan shekara 13 kogin Danub ya ci mahaifinsa, sai ya ɗaura aniyar ƙwarewa a iyo. A Olamfik na farko a Atina, 1896, ya ci tseren mita 100 da na mita 1,200 a cikin teku mai sanyi. Daga baya ya zama mai zanen gine-gine, shi ya zana babban wurin iyo mai rufi da aka buɗe a 1930 a tsibirin Margit da ke tsakiyar kogin nan da ya ci mahaifinsa. Shekara biyu bayan buɗe shi suka ɗauko zinaren farko. Na daɗe ina juya wannan labari a raina a bakin ramin, domin irin wannan rashi akwai shi a gidaje da yawa tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, abin da ba a samu ba shi ne ginin da ya biyo bayansa.

Kocinsu na wancan zamani, Béla Komjádi, shi ya koya musu miƙa ƙwallo daga hannu zuwa hannu ta sama ba tare da ta taɓa ruwa ba, abin da ya sa wasan ya yi sauri har masu ƙarfi suka kasa kamo masu dabara. A cikin yaransa akwai Olivér Halassy, wanda tun yana ƙarami jirgin titi ya yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Da ƙafa ɗaya da rabi ya ci azurfa a 1928, ya ci zinare a 1932 da 1936.

Labarin 1956 kuwa, Kawu ya ce a zamaninsu ba a yin sa da ƙarfi. Tsofaffin Mishkols sai sun duba hagu da dama kafin su fara, don gwamnatin lokacin ta Sobiyet ce a zuci. A watan Oktoban shekarar mutanen Hangari suka yi bore, ranar 4 ga Nuwamba tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga Budafes suka murƙushe shi, dubban mutane suka mutu. 'Yan wasan suna hanyar Melbon ta Ostireliya, wasu ba su san ko iyayensu na raye ba. Ranar 6 ga Disamba jadawali ya haɗa su da Sobiyet ɗin. Tun daga usur na farko naushi da hauri ake yi sama da ƙasan ruwa. Hangari na gaba da ci 4 da 0, saura kamar minti ɗaya, Valentin Prokopov ya nushi Ervin Zádor, saurayi ɗan shekara 21 da ya ci biyu daga cikin huɗun, gefen idonsa ya fashe. Ya fito jini na zuba a fuskarsa, 'yan kallo, waɗanda da yawansu 'yan Hangari ne mazauna can, suka taso, 'yan sanda suka shiga tsakani, aka tsayar da wasa. Ba tare da Zádor ba suka ci Yugoslabiya 2 da 1 suka ɗauki zinare. Shi da wasu abokansa ba su koma gida ba, a Amurka ya ƙare rayuwarsa yana koyar da iyo.

Kyaftin ɗinsu a ranar, Dezső Gyarmati, ya ci lamba a Olamfik biyar a jere daga 1948 zuwa 1964, uku zinare. Shi ne koci a 1976 da suka ci a Montiriyal, wannan kuwa Kawu da idonsa ya gani, a talabijin mai baƙi da fari a ɗakin taron ɗalibai. Ya ce ba ihun ne ya tsaya masa a rai ba. Abin da ya tsaya masa shi ne cewa kusan duk wanda ke ɗakin ya san wasan a jikinsa, don an kai shi ruwa tun yana firamare. Shi kaɗai da wasu baƙi ne ba su iya iyo ba, kuma a wannan shekarar abokan ɗakinsa suka koya masa.

Ran Lahadi 11 ga wata falon Kawu ya cika. Jikoki sun zauna a ƙasa, samarin unguwa da suka saba zuwa kallon Firimiya suka jeru a bango. Da safe Amurka ta kayar da Hangari a wasan neman tagulla ta hanyar jifan daga kai sai gola, Kawu ya yi shiru har aka kawo shayi. Da rana Sabiya da Kuroshiya suka shigo.

Sai da na ga kamarar ƙarƙashin ruwa na san nauyin abin. A dokokin 2024, fili ne mai tsawon mita 30, raga mai faɗin mita 3, zango huɗu na minti takwas-takwas, amma da yake ana tsayar da agogo a kowane usur, wasan kan wuce awa guda. Ba a taka ƙasa, ba a riƙe gefe. Gola kaɗai, mai jar hula, aka yarda ya kama da hannu biyu. A lokacin, ɓangaren da ya sami ƙwallo sakan 30 gare shi ya yi jifa ko ya rasa ta. Wanda ya yi babban laifi kuwa, a lokacin sakan 20 ake fitar da shi, kuma a wannan ɗan taƙi ake cin ƙwallaye da yawa. Kafin a fara alƙali kan duba farcen kowa. Sama dai ƙwallo kake gani, ƙasa kuwa kokawa ce zalla, a ja wando, a danne kafaɗa, a tokare da gwiwa. Wani yaro ya tambaya yadda mutum zai fito har cibiya daga ruwan da ba ya taka ƙasa. Kawu ya matso bakin kujera ya ɗaga ƙafafunsa, ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya, kowace tana zagayawa ciki, kamar yadda ake burga miyar kuka da maburgi. Ya ce wannan shi ne tushen wasan, kuma shi ne abin da ke ceton rai.

Sabiya ta ci 13 da 11, zinare na uku a jere bayan na Riyo da na Tokiyo. A Riyo ma Kuroshiya ta kayar a wasan ƙarshe. Samarin suka yi mamaki da Kawu ya ce iyayen waɗannan 'yan wasa tuta ɗaya suka yi wa wasa. Yugoslabiya ta ci zinare a 1968 da 1984 da 1988, a watan Janairun 1991 ta zama zakaran duniya a Pat ta Ostireliya da Sabiyawa da Kuroshiyawa a tawaga ɗaya. Kafin shekarar ta fita ana luguden wuta a kan Dubrobnik, garin da ke cikin manyan gidajen wannan wasa. Ratko Rudić, kocin da ya ci musu na 1984 da 1988, ya tafi Italiya ya ci mata a 1992, daga baya ya ci wa Kuroshiya a 2012.

Ba sai an yi wa ɗan Jos dogon bayani a kan wannan ba. Bayan Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, garin ya rabu unguwa-unguwa, akwai samari a falon nan da ba su taɓa kwana a tsallaken wasu tituna ba. Ni ban yarda da masu cewa wasa yana hana faɗa ba. Da yana hanawa, da tawagar 1991 ba ta watse ba. Abin da na gani a talabijin ɗin ya fi wannan ƙanƙanta, amma gaskiya ne: mutanen da aka zubar da jini tsakaninsu sun shiga ruwa ɗaya, sun shaƙe juna awa guda a ƙarƙashin doka ɗaya da usur ɗaya, suka fito suka yi musabaha, wanda aka kayar ya tsaya aka buga taken wanda ya ci. Mu ma muna da irin wannan a tarihinmu. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo girmansa ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a bakin ruwan Matan Fada aka yi shagalin.

Samarin ba su saki jiki da wasan sosai ba sai da Kawu ya ambaci mutumin nan mai furfura da suke gani kusa da Guardiola a Manchester City. Manuel Estiarte ke nan, ɗan Sifaniya, wanda ya buga Olamfik shida daga 1980 zuwa 2000, ya ci ƙwallo 127. A Basalona 1992 Guardiola ya ci zinaren ƙwallon ƙafa, washegari Estiarte ya sha kashi a hannun Italiya 9 da 8 a gaban mutanensa bayan ƙarin lokaci a kan ƙarin lokaci. Ya rama a Atlanta 1996, gasar da su Kanu suka kawo mana namu zinaren. Falo ya ɗauki hayaniya, kowa na faɗin inda babansa ya ce yake a daren.

Wani ya tambayi rabon Afirka. Masar ce ta fara zuwa a 1948, zuwanta na ƙarshe 2004. Afirka ta Kudu ta je a 1952 da 1960, wariyar launin fata ta sa aka rufe mata ƙofa, ba ta sake shiga ƙwallon ruwa na Olamfik ba sai a Tokiyo. Babu wadda ta taɓa cin lamba. Najeriya ba ta taɓa zuwa ba.

Wannan bai dame ni kamar maganar manomin nan ba. Ba gwanaye muka rasa ba. Wanda ya taɓa kallon kabanci a Argungu, ya ga masu kama agwagwar ruwa da hannu, da masu nutso su daɗe ba su ɓullo ba, ya san jikin Bakabe ko Basarken Yawuri ba ya tsoron ruwa. Sai dai wannan ilimi gado ne, yana tsayawa a gidan masunta. A Hangari da Sabiya da Kuroshiya sun fitar da shi daga gado sun mai da shi karatu, ɗan likita da ɗan lebura duk sai sun bi ta ciki, zinaren kuma daga baya ya biyo. Jos na da ɗaruruwan ramuka cike da ruwa a bayan gidajen mutane, tana da jami'a, tana da makarantu birjik. A ganina laifi ne babba yaro ya gama firamare a Bukuru ko Rayfield bai iya tsayuwa a ruwa ba.

Kafin in koma Kawu ya kai ni wani otal da ke da wurin iyo, inda yake kai jikokinsa da na wani tsohon abokin aikinsa Birom duk ranar da ya sami sarari. Daga aljihunsa yake biyan kuɗin shiga, shi ya sa ba ya iya ɗaukar fiye da cikin mota. Ruwan da sanyi, yaran suna karkarwa haƙora na haɗuwa, amma ba mai son fita. Shi yana zaune a gefe da wando naɗe zuwa gwiwa, mai kula da wurin yana ciki yana tallafe su ɗaya-ɗaya.

"Kawu, yaushe za ku ba su ƙwallo?"

"Ba yanzu ba. Sai wanda ya tsaya minti biyar hannuwansa a sama."

A mota ya ciro wata takarda daga aljihun gaban rigarsa. Zanen ramin nan ne da muka zauna a bakinsa, ya auna shi da kansa da igiya da dutse. A kusurwar gabas, inda bangon ya riga ya zaizaye, ya nuna yadda katafila za ta kwantar da gaɓa ta zama gangare mai sauƙi, a zuba tsakuwa da yashi a kan lakar, a kewaye tsawon mita 25 da igiya da jarkoki, a kafa gora da tayar mota a kowane gefe. A saman takardar ya rubuta gwajin ruwa, ya ja masa layi biyu. A ƙasa ya lissafa mutum biyu da za a horar su zauna a wurin, ɗaya daga ƙauyen manoman, ɗaya daga cikin gari, da sharaɗin ba za a taɓa gefen da injinan ban-ruwa suke ba.

Ya ce hannunsa ya fara rawa, rubutun ba ya karantuwa, in tafi da ita Kano in buga a kwamfuta in aiko masa kwafi uku: ɗaya na dagacin wurin, ɗaya na ƙaramar hukuma, ɗaya kuma na manoman, don su za a fara tambaya.